Yadda zaka ziyarci Gidan Tarihin Kanta na Argungu, daga shiri har fitowa

Yawancin mutane in aka ce Argungu bikin kamun kifi ne kawai ke faɗo musu a rai, su je su sha rana a bakin kogin Matan Fada su juyo, alhali a cikin gari kusa da babbar kasuwa akwai tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi, shi ne Gidan Tarihin Kanta, wasu kuma Gidan Nabame suke ce masa. Ni nakan kai ɗalibai da baƙi wurin, kuma abin da na lura shi ne wanda ya je haka kawai ba shiri, kafin kace me ya gama zagaye ya fito yana cewa ai takubba ne da ganguna kawai. Gidan bai da laifi, shi ne bai san yadda ake shiga irin wurin ba. Toh ga yadda nake yi.

Abubuwan da zaka tanada

- Kuɗi a hannu, kuma canji. Kar ka dogara da taransifa ko POS, irin waɗannan wuraren ba a saba da su ba, ga netwok yakan yi halinsa. Ka ware na shiga daban, na ɗan ihsanin da zaka yi wa wanda ya zagaya da kai daban, na kabu-kabu daban.
- Takalmi mai sauƙin cirewa, silifas ko sandal. Akwai inda zaka cire, mai igiya wahala kawai zai baka.
- Tufafi na mutunci. Namiji riga da wando da hula, mace hijabi ko mayafi wadatacce. Fada ce tun asali, kuma akwai kaburburan sarakuna a ciki.
- Ƙaramin littafi da biro. In babu, wayarka ta isa, amma biro ya fi, dalili zai zo a ƙasa.
- Waya mai caji da fawa banki, da tocila ko ta wayar ce, saboda ɗakunan tsohon gini ba su cika haske ba kuma wuta ba tabbas.
- Ruwan sha, da takunkumin hanci ko hankici in kana da asma ko ƙura na damunka.
- In tawaga ce ta makaranta ko ƙungiya, takardar neman izini mai tambarin makarantar, da jerin sunayen yaran.

1. Zaɓi lokacin tafiya

Lokacin da ya fi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, da hunturu. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin Kabi ba wasa ba ne, in har dole sai a lokacin zaka je toh ka tabbata ƙarfe tara ko goma na safe tana yi maka a ƙofar gidan. Da damina gari yakan yi kyau, fadama ta cika da shinkafa ko ina kore shar, amma ruwa na iya ɓata maka rana.

Ranar aiki zaka zaɓa, Litinin zuwa Alhamis. Juma'a rabin yini ce, da an kusa masallaci kowa ya watse. Asabar da Lahadi da ranakun hutu kar ka kama hanya sai ka sami wanda ya tabbatar maka za a buɗe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa ziyarar gidan da ranar kamun kifi. Ranar gari ya cika ya batse, masauki ya yi tsada, hanyoyi a toshe saboda manyan baƙi, ma'aikatan gidan kansu hankalinsu ya rabu, ko ka shiga turereniya ce kawai ba mai tsayawa ya yi maka bayani. In bikin ne ya kawo ka, ka iso kwana ɗaya ko biyu kafin a fara, ka gama da gidan tarihin tukuna.

2. Riƙe ɗan tarihi a ka kafin ka tashi

Ba sai ka karanta littafi guda ba, amma in babu waɗannan a kanka duk bayanin da za a yi maka zai shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, don mai bayanin yana ɗauka ka san sunayen ne.

Sunan gidan na Muhammadu Kanta ne, wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515, ya fita daga ƙarƙashin Songhai ya kafa babban birninsa a Surame. Kanta bai taɓa zama a wannan gidan ba, tsakaninsa da ginin shekara ɗari uku ne da ɗoriya, sunansa aka sa don girmamawa. Na sha jin baƙo yana tambaya wai ina ɗakin da Kanta yake kwana, kar ka zama shi.

Daga baya hedikwatar Kabi ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, gidan sarautar Kabawa ya fita, a ƙarshe suka tare a Argungu zamanin Sama'ila Karari. An kashe Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, sai a 1849 ya ɓalle ya sake tayar da sarautar Kabi a Argungu. Daga nan yaƙi tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu bai tsaya ba sai ɗan tsagaitawa, wanda ya fi shahara shi ne sulhun da aka yi a 1867 zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, da ake kira Lafiyar Toga. Sarki Sama, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, shi Turawa suka tarar. Kaga ke nan yawancin makaman da zaka gani ba na ado ba ne, gari ne da ya kwashe shekaru masu yawa yana cikin shirin yaƙi.

Shekaru uku da zaka riƙe game da ginin kansa kuma: ya samo asali tun 1831, ya zauna a matsayin fada har 1942 lokacin da aka gina sabuwar fada zamanin Turawa, sannan aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Ka ƙara 1934 a kai, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka shirya masa kamun kifi, wanda shi ne tushen bikin a yadda aka san shi yau.

3. Hanya

Argungu tana jihar Kebbi, kan hanyar da ta haɗa Sakkwato da Birnin Kebbi. Daga Birnin Kebbi wajen awa ɗaya ne a mota, daga Sakkwato ka ƙiyasta awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ya danganta da hanya da yawan tsayawa. Wanda zai zo ta jirgi, filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa shi ya fi kusa. Daga Kano ko Kaduna tafiyar yini ce, ka kwana a Sakkwato ko Birnin Kebbi ka yi sammako, kar ka ce zaka je ka dawo rana ɗaya.

Tafiyar rana kawai. Kafin ka tashi ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a satin, su suka fi kowa sani.

In ka sauka a tashar Argungu ka hau kabu-kabu ko Keke ka ce gidan tarihi, ko Gidan Nabame, ko tsohuwar fada kusa da kasuwa. Ka faɗi kalmar tsohuwa ɗin da kyau, in ka ce fada kawai gidan Sarki na yanzu za a kai ka. Ku yi ciniki kafin ka hau.

4. A bakin ƙofa

Kar ka shigo da waya a ɗage kana bidiyo. Yi sallama, ka gaida dattawan da ka tarar zaune, gaisuwa cikakkiya har da tambayar gida da aiki, sannan ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Dattijo ka ce masa Baba, in mai sarauta ne ranka ya daɗe, ma'aikaci kuma Malam ya wadatar. Wannan minti biyun da ka kashe a gaisuwa shi ke raba wanda za a buɗe wa ko wane ɗaki da wanda za a nuna wa uku a ce masa shi ke nan.

Tambayoyi uku zaka yi tun a nan: nawa ne kuɗin shiga, an yarda a ɗauki hoto kuma a ina ne ba a yarda ba, sannan wa zai zagaya da kai. In an kawo littafin baƙi ka sa hannu, kar ka raina shi, da irinsa ma'aikatan ke nuna wa na sama cewa ana zuwa wurin.

In ka tarar a rufe kar ka juya nan take. Tambayi masu shago ko masu zama a kusa, galibi sun san mai makulli kuma sun san inda yake, a ƙaramin gari ba a ɓata. Ka jira ko ka shiga kasuwa ka dawo. Abin da ba a yi shi ne leƙe ta katanga ko tura ƙofa.

5. Kalli ginin kafin kayan

Nan ne mutane ke asara. Kowa sauri yake ya ga takobi, alhali babban abin tarihin shi ne gidan da kake tsaye a ciki. Ka tsaya a zauren farko ka ɗan jira idonka ya saba da duhu, ka lura da yadda zafin waje ya ragu, kaurin bango ne ke yin wannan aikin. Duba kaurin a bakin ƙofa, nan ake ganinsa sosai.

Sai ka ɗaga kai. A ginin Hausa na da, azara ake jerawa, wato itacen giginya da aka tsaga, saboda gara ba ta cika cinta ba kuma tana ɗaukar nauyin ƙasa. Azara ɗaya ba ta da tsawon da zata haye babban ɗaki, shi ya sa magina suke fito da baka daga bango suna ɗora azara kan azara har su haɗu a sama, shi ne ɗaurin guga. Duk inda ka ga irin wannan rufin ka haska tocila ka bi shi da ido daga bango zuwa tsakiya, zaka gane ba ƙaramin lissafi aka yi ba.

Gida irin wannan ba ya kai wannan shekarun sai da gyara a kai a kai, ruwan damina kullum yana cin ginin ƙasa, dole a yi ta yaɓe ana gyara indararo. Saboda haka ba duk abin da idonka ya gani ne na 1831 ba. Ka tambayi mai zagayawa da kai kai tsaye: Malam, wane ɓangare ne na asali, wane ne aka sake? Kai ma kana iya ganewa, bangon ƙasa gefensa a lanƙwashe yake kuma ba ya miƙewa sak, inda aka sa siminti ko bulo kuwa kusurwa zata fito da kaifi. Ni a ganina siminti a kan tsohon bangon ƙasa ba gata ba ne, yana riƙe danshi a ciki har wata rana ya ɓamɓaro da ƙasar gaba ɗaya, amma na san masu kula da irin gidajen nan da abin da ke hannunsu suke aiki, maginan gargajiya kuma sai raguwa suke. Ka lura da shi dai, ba sai ka tsaya yi musu lacca ba.

Kar ka jingina da bango, kar ka ƙwaƙule shi da farce don ka ga ko ƙasa ce, kuma don Allah kar a rubuta suna. Masu zuwa da yara wannan naku ne.

6. Bi ɗakunan a hankali

An kasa gidan kashi goma sha ɗaya. Zaka ga masu, takubba, kwari da baka, bindigogin gargajiya, ganguna da layu da sauran kayan da aka yi yaƙi da mulki da su. Ka bar mai bayani ya ja gaba, kar ka riga shi shiga ɗaki.

Dabarar da nake bai wa ɗalibai ita ce a kowane ɗaki ka zaɓi abu ɗaya tak ka tsaya a kansa, maimakon ka bi komai da ido sama sama. In mashi ne, duba bakinsa, mai ƙaya ne ko sumul, don mai ƙaya in ya shiga ba ya fita da sauƙi. In takobi ne duba kube da aikin fatar da dukawa suka yi masa, da inda hannu ya goge mariƙin har ya yi santsi. In ganga ce ka tambaya yaushe ake kaɗa ta kuma wa ke da ikon kaɗawa, saboda a fada ba kowace ganga ake bugawa don nishaɗi ba, akwai ta yaƙi akwai ta naɗin sarauta.

Irin tambayar da zaka yi ita ke jawo bayani. In ka ce wannan mene ne, za a ce maka mashi ne, magana ta ƙare. Amma in ka ce wa ya riƙe wannan, a wane yaƙi, ya aka yi ya zo gidan nan, sai kaga dattijo ya gyara tsayuwa. Nan biro ke da amfani, mutum in ya ga kana rubuta abin da yake faɗa yakan ƙara buɗe ciki, in kuwa waya ya gani a hannunka zai ɗauka hira kake da wani. In kana son naɗar muryarsa ka nemi izini tukuna. Hausar yankin ta yamma ce, in kai Bakano ne ko Bazazzagi wata kalmar zata wuce ka, ka ce a maimaita maka ba abin kunya ba ne.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko wajen layu da kayan tsari: akwai masu zuwa su fara a'uziyya da ƙarfi suna wa'azi. Ba wanda ya ce ka yi imani da su, an ajiye su ne don a san yadda mutanen da suka shiga yaƙi suka yi, ka kalla ka wuce. Na biyu ya fi muhimmanci. Labarin yaƙin Kabi da Sakkwato da zaka ji a gidan nan ta bakin Kabawa ne, kuma ba lallai ya zo daidai da wanda aka koya maka a makaranta ko ka ji a Sakkwato ko Gwandu ba. Kar ka tsaya musu. Kakanninsu ne ake magana a kai, wasunsu ma suna kwance a cikin gidan. Ka saurara ka rubuta, in ka koma gida ka haɗa da ɗaya ɓangaren ka auna, ai dama abin da ya sa aka taka ƙafa aka zo ke nan.

Kar ka taɓa komai sai an miƙo maka. Gumin hannu yana sa ƙarfe tsatsa, tsohuwar fata kuma tana iya karyewa a hannunka. Kashe filashin kyamara.

7. Wajen kaburbura

A gidan ake binne sarakunan Argungu, don haka wannan ɓangaren maƙabarta ce, hukuncinta zaka ba ta. Tambaya tukuna ko an yarda baƙo ya shiga, mata kuma su tambaya ko akwai iyakar da ake tsayawa. In an ce a'a, a'a ɗin ce. In an yarda, cire takalmi, sassauta murya, yi sallama ga mamata ka yi musu addu'a. Ba a selfi a nan, ba a zama kan kabari ko tsallake shi. In kana son sanin wane sarki ne a ina, ka tambaya a hankali bayan kun fito.

8. In da yara ko ɗalibai ka zo

Ka aika takarda ko ka je da kanka sati ɗaya kafin ranar, kar ka sauke mota biyu ta yara a ƙofar mutane ba sanarwa. Raba su rukuni rukuni, goma zuwa sha biyar, kowane rukuni da malami ɗaya, saboda ɗakunan ba su da faɗi kuma na baya ba ya jin komai. Waɗanda ke jira a waje ka ba su aiki, su zana ƙofar gidan ko su rubuta tambaya ɗaya da zasu yi in sun shiga. Abinci da alawa a bar su a mota. Ka ƙirga su kafin shiga ka ƙirga bayan fita, kasuwa na kusa kuma yaro ba ya jin kira in ya ga abin kallo.

9. Sallama da abin da ya rage na yinin

In kun gama ka yi godiya, ka ba wanda ya zagaya da kai ihsaninsa a hannu cikin sirri, ba a gaban jama'a kana ƙirgawa ba. In wani a waje ya tare ka da wai yana da tsohon takobi ko tsohon kuɗi na sayarwa, ka ba shi haƙuri. Ko dai jabu ne, ko kuma na gaske ne wanda bai kamata ya bar garin ba, kuma dokar Najeriya ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba.

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe ka cikin gidan. Sauran lokacin ka hau kabu-kabu zuwa Matan Fada ka ga inda ake kamun kifin, ko ba lokacin biki ba zaka iya dacewa da masunta, ka roƙa su nuna maka homa da gorar da suke hawa a ruwa, ka tambaye su aikin Sarkin Ruwa da yadda ake kama giwan ruwa. Bikin nan UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Daga nan ka nemi inda ake tuwon shinkafa da miyar kifi, garin shinkafa da kifi ka zo. Kufan Surame kuwa tafiya ce ta daban a cikin jihar Sakkwato, ba a haɗa ta da wannan a yini ɗaya, kuma ba a zuwa sai da ɗan gari da ya san hanya da halin da dajin yake ciki.

Wanda Argungu ta yi masa nisa yana iya gwada duk matakan nan a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, abin da zai canja kawai tarihin da zaka riƙe a mataki na biyu ne.

In Sakkwato ko Birnin Kebbi zaka koma, ka kasance a tasha kafin la'asar, don da yamma ta yi motoci sukan yi wuya kuma sai ka jira a cika.